Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Sharhi Kan Ƙaunar Tsofaffin Fina-finai

Matashin da ke riƙe da waya a yau ba ya rasa abin kallo. Kafin ya gama fim ɗin jiya an saki na yau. Mai tura fina-finai a bakin kasuwa zai cika masa waya da na Indiya da aka fassara, da na Koriya, da na Turkiyya masu dogon zango, ga kuma namu na Kannywood da ke fita mako-mako a YouTube. A cikin wannan yalwa ne ake samun wasu mutane, kusan a kowace ƙasa, da ke tsallake sabo su koma neman fim ɗin da aka ɗauka shekara 60 ko 80 ko fiye da suka wuce. Hotonsa baƙi-da-fari ne, wani ma ko magana babu a cikinsa, 'yan wasansa kuwa sun daɗe da barin duniya. Za su kalle shi su sake kallo, su yi musu a kan fitowar da ta fi, har sunan wanda ya riƙe kyamara sun haddace.

Me suke gani a ciki? Begen zamanin da ya wuce ne kawai, ko akwai abin da tsohon fim yake bayarwa wanda sabo ba ya bayarwa? Ina cikin masu wannan ƙauna, kuma abin da na yi imani da shi ke nan: tsohon fim mai kyau yana koya wa mutum kallo, yana nuna masa inda fim ɗin yau ya samo asali, daga ƙarshe kuma yana ɗora masa nauyi, domin fim abu ne da ke mutuwa idan babu mai nemansa.

Ba kowane tsohon fim ne bakandamiya ba

Tsufa kaɗai ba ya ba fim daraja. A shekarun 1930 da 1940 kamfanonin Hollywood suna fitar da ɗaruruwan fina-finai a kowace shekara, Bombay da Alƙahira su ma ba su zauna ba, kuma da yawa daga abin da aka yi na cin kasuwar mako guda ne. Wanda ya zama bakandamiya shi ne wanda ya ci gaba da taɓa zuciya bayan duk abin da ya sa ake rububinsa ya gushe: yayin suturar ya wuce, jarumin ya tsufa ya mutu, dabarar kyamarar da ta ba mutane mamaki ta zama abin da yaro ke yi da waya. Idan duk wannan ya kau aka tarar fim ɗin yana nan da ransa, to an samu abin da ake nema.

Ɗauki Bicycle Thieves, wato Ɓarayin Keke, wanda Vittorio De Sica ya yi a Italiya a 1948, lokacin ƙasar tana fama da talaucin bayan yaƙin duniya na biyu. Wani magidanci ya daɗe babu aikin yi, sai ya samu na liƙa takardun talla a bango, da sharaɗin yana da keke. Nasa kuwa yana wurin jingina. Matarsa ta yaye zannuwan gadonsu ta kai, aka fanso keken. Ranar da ya fara aiki aka sace shi. Sauran fim ɗin shi da ƙaramin ɗansa ne suke yawo a titunan Rum suna cigiya. De Sica bai nemi ƙwararren ɗan wasa ba, ma'aikacin masana'anta ya sa ya fito a uban. Da duk ƙofofi suka rufe, mutumin kirkin nan ya kai hannu ga keken wani, aka kama shi a gaban idon ɗansa. Duk wanda ya san ɗan acaɓar da aka raba da babur ɗin da bai gama biyan kuɗinsa ba, ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan fim.

Alama ta biyu ita ce fim ɗin ya riƙa girma tare da mai kallonsa. A 1953 Yasujiro Ozu na Japan ya yi Tokyo Story. Dattijo da matarsa sun taso daga garinsu sun je Tokyo ziyarar 'ya'yansu, suka tarar kowa sha'anin gabansa ya ishe shi. Babu wanda ya zage su, babu wanda ya kore su, amma kowa yana neman wanda zai miƙa wa su. Wadda ta kula da su tsakani da Allah ita ce matar ɗansu da ya rasu a yaƙi. Ozu ya ajiye kyamararsa ƙasa-ƙasa, daidai idon mutumin da ke zaune a tabarma, kuma da wuya ya motsa ta. Ɗan shekara 20 zai kalli fim ɗin ya ga 'ya'yan suna da uzuri. In ya kai 50 ya sake kallo, sai ya tarar yana zaune a gefen iyayen. Fim ɗin yana nan yadda yake, shekarun mai kallo ne suka buɗe masa abin da da can bai gani ba.

Mu ba baƙi ba ne a wannan fage

Wani zai ce wannan sha'awa ta Turawa ce. Tarihin kallo a ƙasar Hausa ya ƙaryata shi. Tun zamanin mulkin mallaka motar majigi take shiga garuruwa da ƙauyuka tana haska fina-finan gwamnati a ƙofar fada. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa. Da aka buɗe Palace a cikin birni a farkon shekarun 1950 sai da aka kai ruwa rana, domin malamai da jama'a da dama suna ganin silima matattarar ɓata tarbiyya ce. Duk da haka gidajen kallo suka yawaita: Plaza, El Dorado, Orion, Queens, daga baya Marhaba. Mafi yawansu babu rufi, sai dare ya yi ake haska fim.

Da fina-finan kaboyi aka fara cin kasuwa. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigo da na Indiya, kuma nan Bahaushe ya ga abin da ya yi kama da rayuwarsa: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin saurayi da budurwa, mai kuɗin da ke danne talaka. Mother India, wanda Mehboob Khan ya yi a 1957, ya shafe shekaru yana dawowa gidajen silima yana tara jama'a. Nargis ta fito a Radha, matar manomi da bashi da ruwa ya cinye gonarsu, mijinta ya rasa hannuwansa ya bar gida, ambaliya ta tafi da abin da ya rage, ta rene 'ya'yanta da guminta, daga ƙarshe ta harbe ɗan cikinta da hannunta don ya sace 'yar mutane. Mutanen da ba su jin ko kalma ɗaya ta Hindi, babu fassara a ƙasan allo, sun bi wannan labari daga farko har ƙarshe, sun yi kuka inda ake kuka. Sun raɗa wa jarumai sunayen Hausa, har Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Karin waƙoƙin fina-finan ya shiga bakin 'yan mata, ya kai har ga masu bege da bandiri.

Wannan shaida ce cewa iyayenmu sun iya karanta hoto. Sun san ma'anar kallon da uwa ta yi wa ɗanta, sun san abin da kiɗa yake sanarwa kafin bos ya bayyana. Wannan ita ce ainihin basirar da tsohon fim yake nema daga mai kallo.

A Nijar kuwa ba a tsaya a kallo ba. Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi ƙauyensu. Tun a lokacin yana tambayar abin da fim ɗin waje yake yi wa matashin Afirka. Oumarou Ganda, wanda ya yi wa Faransa aikin soja a yaƙin Indocin, ya kuma yi dako a tashar jiragen ruwan Abidjan, ya fara da fitowa a fim ɗin Jean Rouch mai suna Moi, un noir a 1958. Daga baya ya riƙe kyamara da kansa, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

Yadda ake koyon kallo

Wanda ya saba da fim ɗin zamani yakan yi tuntuɓe da abubuwa uku in ya zo ga tsohon fim: rashin kala, jan lokaci, da salon wasan da yake ganin ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kowane ɗaya yana da dalilinsa.

Baƙi-da-fari ya fara ne a matsayin dole, amma masu ɗaukar hoto suka mai da shi gwaninta. Idan babu kala, haske da inuwa ne suke magana. A Citizen Kane na 1941, wanda Orson Welles ya yi yana ɗan shekara 25, mai ɗaukar hoto Gregg Toland ya sa abin da ke kusa da kyamara da abin da ke can ƙuryar ɗaki duka suna fitowa tangaran. Akwai fitowar da manya suke zaune a ɗaki suna sa hannu a takardar da za ta raba yaro da iyayensa, shi kuwa yaron ana hango shi ta taga yana wasa a ƙanƙara, bai san me ake ciki ba. Hoto guda ya ɗauki abin da shafi biyar na magana ba zai ɗauka ba. A Pyaasa na Guru Dutt, 1957, yadda haske yake faɗowa a bayan mawaƙin da duniya ta wulaƙanta ya isa ya gaya maka matsayinsa.

Jan lokaci kuwa, tsohon darakta yana barin kyamara a kan fuska har sai mai kallo ya ga tunani yana sauyawa a cikinta. Fim ɗin yau yakan yanke hoto duk bayan daƙiƙa kaɗan, ido ya saba da tsalle. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ajiye waya a gefe, a kashe fitila, a ba fim ɗin minti 20 na farko ba tare da an taɓa komai ba. An yi waɗannan fina-finai ne don mutanen da suka biya kuɗi suka zauna a duhu, ba su da abin yi sai kallo, kuma har yanzu irin wannan zaman suke nema.

Akwai kuma abin da zai ba mai kallo Bahaushe sha'awa ta musamman, wato kawaici. Daga 1934 har zuwa ƙarshen shekarun 1960, Hollywood tana aiki ne ƙarƙashin wata dokar tace fina-finai mai tsauri, wadda ta taƙaita tsiraici da baɗala. Hukumar tace fina-finan Indiya ma ta daɗe tana hana sumba. Dokokin suna da illolinsu, amma sun tilasta wa masu fim neman hanyar nuna abu ba tare da sun tona shi ba. A Mughal-e-Azam na K. Asif, 1960, fitowar soyayyar da aka fi tunawa ita ce wadda Dilip Kumar yake shafa gashin tsuntsu a fuskar Madhubala, babu mai cewa uffan, sai muryar mawaƙi daga nesa. Charlie Chaplin ya saki City Lights a 1931 babu magana, shekara huɗu bayan fim mai sauti ya bayyana. Makauniya mai sayar da furanni ta ɗauka mai taimakonta attajiri ne, alhali ɗan yawon titi ne wanda ya sha ɗauri saboda kuɗin da ya samo mata na aikin ido. Bayan ta warke ta gan shi cikin tsumma ta yi masa dariya, ta miƙa masa sadaka, da hannunta ya taɓa nasa sai ta gane shi. Wanda ya kalli wannan bai ji komai ba, to bai kalla ba.

Masu yin fim a Kano da Kaduna da Jos, waɗanda kullum kukansu ƙarancin kuɗi, suna da darasi a 12 Angry Men na Sidney Lumet, 1957. Mutum 12 ne a ɗaki guda, an rufe su su yanke ko wani saurayi ya kashe mahaifinsa. Sha ɗaya sun ce ya kashe, ɗaya ya ce a tsaya a duba. Babu mota, babu bindiga, babu rawa. Yayin da fim ɗin ke tafiya Lumet yana sauya gilashin kyamara yana kuma sauke ta ƙasa, har mai kallo ya ji bango da rufi suna matso shi. Rubutu mai kyau da sanin inda za a ajiye kyamara su ne duk jarin wannan fim.

Bin salsala

Yaya mutum zai gano abin da zai kalla? Hanya mafi daɗi ita ce wadda almajirin ilimi yake bi, in ya ji daɗin karatun malami ya tambayi wa ya karantar da shi. Kowane babban fim yana da wanda ya ɗauka daga gare shi, yana da wanda ya ba.

A fara da Sholay na Ramesh Sippy, 1975, wanda kusan duk tsohon ɗan kallo a Arewa ya sani, da Gabbar Singh da Amjad Khan ya fito a matsayinsa. Labarin ƙauyen da ya ɗauko mayaƙa haya don su kare shi daga 'yan fashi ya zo ne daga Seven Samurai na Akira Kurosawa, 1954, wanda Amurkawa suka mai da shi kaboyi a The Magnificent Seven a 1960. Fitowar Sholay da aka karkashe iyalan Thakur, mutumin da ya ɗauko mayaƙan haya, tana ɗauke da tambarin Sergio Leone na Italiya a Once Upon a Time in the West, 1968. Shi Leone ya yi suna ne da A Fistful of Dollars a 1964, fim ɗin da ya ɗaga Clint Eastwood, kuma labarinsa na Yojimbo ne, wani fim ɗin Kurosawa na 1961. Kurosawa kuwa bai ɓoye girmamawar da yake yi wa John Ford ba, uban fina-finan kaboyi. Daga fim ɗaya da aka kalla a Plaza, mutum ya ratsa Indiya da Italiya da Japan da Amurka.

Ga wata salsalar. Satyajit Ray, ma'aikacin kamfanin talla daga Kalkata, ya je Landan a 1950 ya kalli Bicycle Thieves, ya fito da niyyar yin fim a ƙauye da mutanen da ba 'yan wasa ba. Sakamakon shi ne Pather Panchali a 1955, wanda ya sa duniya ta san akwai wata Indiya a fim bayan ta rawa da waƙa. A Senegal, Ousmane Sembène, marubucin da ya lura mafi yawan mutanensa ba za su iya karanta littattafansa ba, ya je Mosko ya koyi fim, ya dawo ya yi Borom Sarret a 1963, labarin mai amalanke a Dakar wanda aka ƙwace wa abin sana'arsa. Wanda ya kalli na De Sica zai ga 'yan'uwantakar nan take.

Akwai kuma jerin sunaye da masana suke fitarwa. Mafi shahara shi ne na mujallar Sight and Sound ta Ingila, wadda take tambayar masu sharhi duk bayan shekara goma tun 1952. Bicycle Thieves ne ya zo na ɗaya a karon farko, Citizen Kane ya riƙe kambun daga 1962 zuwa 2002, Vertigo na Alfred Hitchcock ya karɓa a 2012, sai Jeanne Dielman na Chantal Akerman a 2022. Wannan sauye-sauye ya nuna cewa jerin ra'ayin mutane ne, kuma ya daɗe yana karkata ga Turai da Amurka. Yana da amfani wajen samun bakin zare. Amma mai kallo daga nan ya kamata ya ƙara da Bab al-Hadid na Youssef Chahine, 1958, da Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, 1973, da Yeelen na Souleymane Cissé, 1987.

Samun fina-finan ya fi sauƙi yanzu. Na Amurka na shekarun 1920 haƙƙin mallakarsu ya ƙare, ana samun da yawa kyauta a Internet Archive da YouTube. Sai dai a lura da kwafi. Tsofaffin fina-finai kusan murabba'i ne, wasu masu ɗorawa suna yanke sama da ƙasa ko su miƙe hoton don ya cika allo, wasu su shafa masa kalar kwamfuta. In da hali a nemi wanda aka rubuta an gyara shi daga asalin zarensa.

Abin da ba a rufe ido a kai

Ƙaunar tsohon fim ba ta nufin wanke shi. The Birth of a Nation na D. W. Griffith, 1915, ya kawo ci gaba a dabarun ɗaukar hoto da haɗa shi, amma ya nuna baƙar fata a matsayin dabbobi, ya yabi ƙungiyar Ku Klux Klan, ya kuma taimaka wajen farfaɗo da ita. Sanders of the River na 1935, wanda aka gina labarinsa a Najeriya, yabon jami'in mulkin mallaka ne, har Paul Robeson da ya fito a ciki ya barranta daga gare shi da ya ga yadda aka haɗa shi. Fina-finan kaboyi da aka yi ta tafa wa a silimominmu, da yawansu labarin ƙwace ƙasar 'yan asalin Amurka ne aka juya shi ya zama jarumta, mu kuma muna murna in an harbe su.

Mai kallo na gaskiya yana riƙe abu biyu a lokaci guda: ya ga gwaninta, ya kuma ga abin da aka yi da ita. Kuma tarihin fim yana ɗauke da raddinsa a cikinsa. The Battle of Algiers na Gillo Pontecorvo, 1966, ya nuna gwagwarmayar Aljeriya ta yadda Faransa ta yi shekaru ba a nuna shi a can ba. La Noire de... na Sembène, a shekarar dai, ya bi wata 'yar aiki daga Dakar zuwa Faransa ya nuna yadda aka kashe mata zuciya. Moustapha Akkad ya ba mu Ar-Risala a 1976, sannan ya biyo da labarin Umar Mukhtar. Wanda ya kalli ɓangarorin biyu ya ga yadda aka yi amfani da kyamara wajen ƙasƙantar da mutane, da yadda suka karɓe ta suka mai da martani.

Fim yana mutuwa

Har zuwa farkon shekarun 1950, zaren da ake ɗaukar fim a kansa ana yin sa ne da wani sinadari mai saurin kama wuta, wanda kuma yake ruɓewa ya zama gari in ya daɗe. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937 da ta MGM a 1965 sun tafi da fina-finai masu yawa. Zaren da ya maye gurbin wancan ba ya cin wuta haka, amma zafi da laima suna sa shi tsami ya kanannaɗe. Wani rahoton ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka na 2013 ya ce daga cikin dogayen fina-finai marasa magana kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kimanin kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungurungum. Alam Ara na 1931, fim mai magana na farko a Indiya, babu kwafinsa ko ɗaya da aka sani.

Abin da ya tsira, masoya ne suka tsirar da shi. Henri Langlois ya kafa ma'ajiyar fina-finai ta Faransa a 1936, ya ɓoye gwangwanayen fim daga 'yan Nazi lokacin mamaya. P. K. Nair ya ƙarar da rayuwarsa yana bin gidajen tsofaffin furodusoshi don cika ma'ajiyar Indiya da ke Pune. An tsinci cikakken kwafin The Passion of Joan of Arc na 1928 a wani asibitin masu taɓin hankali a Norway a 1981. Sassan Metropolis na 1927 da aka fid da rai da su sun bayyana a wani gidan tarihi a Buenos Aires a 2008. Asalin zaren Pather Panchali ya ƙone a gobarar wani ɗakin wanke fim a Landan a 1993, aka adana abin da ya rage, bayan shekara 20 ƙwararru a Bologna suka bi shi hoto bayan hoto suka ceto abin da za a iya ceta. Martin Scorsese ya kafa gidauniyar adana fina-finai a 1990, kuma a 2017 ta haɗa hannu da UNESCO da ƙungiyar masu fim ta Afirka don gyara fina-finan nahiyar guda 50.

Namu na gida

A nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar da Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Shekaru da dama ana jin sunansa ba a ganinsa. Sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Abin farin ciki ne, abin tunani ne kuma: Bajamushe a Berlin ya samu ganinsa a babban allo, alhali Hausawa da yawa da suka karanta littafin a makaranta ba su san an taɓa yin fim ɗin ba.

Shaihu Umar ya dace don a kan zaren silima aka ɗauke shi. Wasannin talabijin na su Ƙasimu Yero da Samanja Mazan Fama a kan kaset aka naɗe su, kuma a ƙasashe da yawa al'adar gidajen talabijin ce a goge tsohon shiri a naɗi sabo a kai don tsadar kaset. Kannywood kanta, wadda ake ƙirga farkonta daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, ta haura shekara 30. Fina-finai irin su Sangaya da Wasila sun riga sun zama wa wata tsara abin da Sholay ya zame wa iyayensu. Amma kaset ɗin bidiyo ya fi zaren silima saurin lalacewa, faifan CD yana karcewa, na'urorin kunna su suna ƙarewa. Abin da ake gani a intanet sau da yawa kwafin kwafi ne, dishi-dishi, an datse farkonsa inda sunayen ma'aikata suke.

Don haka masoyin tsohon fim a ƙasar Hausa yana da aikin da ya wuce jin daɗi. Wanda yake da buhun kaset a ɗakin ajiya ya nemi a juye su a kwamfuta kafin damina ta gaba. Furodusan da ke riƙe da asalin kaset ɗin fim ɗinsa ya san dukiyar al'umma ce a hannunsa, ya kai kwafi ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos ko sashen da ya dace a jami'a. Tsofaffin 'yan wasa da masu haska fim a silima da suke raye, a zauna da su a naɗi abin da suka sani. Malamin makaranta da mai gidan kallo su ware dare ɗaya a wata su nuna tsohon fim, na gida ko na waje, a tsaya a tattauna bayan an gama. Nan da shekara 50 jikokinmu za su zaɓi bakandamiyar fim ɗin Hausa, kuma daga cikin abin da ya tsira kaɗai za su zaɓa. Abin da zai tsira kuwa, mu da muke raye yanzu ne muke yanke shi.